Yadda tsufa da datti suka shiga ƙananan gine-ginen layin dogo

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kamfanin Märklin na Jamus ya fara sayar da ƙananan jiragen ƙasa na wasa masu wani, tasoshin da ke biye da su na gwangwani ne. A zana bulo a jikin ƙarfen, a shafa fenti mai ƙyalli, shi ke nan. Ba wanda ya damu, domin na yara ne, kuma jirgin ake kallo ba ginin ba. Haka Hornby ta yi a Ingila bayan ta fito da nata jiragen a 1920.

Sauyi ya zo ne da manya suka shiga harkar. A shekarun 1930 wani Bature, John Ahern, ya gina ƙaramin layin dogo mai suna Madder Valley, inda ya ba ƙauyuka da gidaje muhimmanci daidai da jirgi. Kwali da takarda mai zanen bulo ya yi amfani da su. Sai dai takarda sumul take. Daga nesa ta yi kyau, da ka matso asiri ya tonu.

Wanda ya kai abin matuƙa shi ne Roye England, ɗan Ostareliya da ya zo Ingila a 1925. Ya tarar ana rushe tsofaffin gidajen karkara masu jinka, wasu kuma ana yi masu kwaskwarimar zamani, abin ya dame shi. Sai ya shiga auna su, yana ɗaukar hotonsu, yana sake gina su ƙanana, a ma'aunin kashi 1 cikin 76. A wannan ma'auni tsawon bulo guda bai wuce milimita 3 ba. Amma haka zai zauna da tsinin ƙarfe ya tsaga layin kowane bulo a jikin kwali, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fentin ruwa, wannan ja, wancan ya ɗan ƙone, na ƙasa ya sha damshi ya yi gansakuka. Jinka kuwa da gashin mutum aka fara yinta, kafin a koma zaren da masu gyaran famfo ke naɗawa a bakin bututu. Gida ɗaya kan ci watanni. Aikin nan ne ya zama gidan tarihi na Pendon, wanda aka kafa a 1954 a ƙauyen Long Wittenham, kuma layin Ahern ma can yake a ajiye.

A Amurka, John Allen, mai sana'ar ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya, ya bi ta wata hanyar. Idon mai hoto gare shi, ya san sabon abu ba ya kama da gaskiya. Rumfar ajiye kan jirgi da ya gina, wadda ta ci gasar mujallar Model Railroader a 1948, ya yi mata kunkunniya da katako mai kwarzane, har da tattabaru a kan rufi da kashinsu. A ganina daga nan ne datti ya zama gwaninta. Gobara ta cinye ƙaramin layin dogon da ya gina kwana goma bayan rasuwarsa a 1973, amma hotunan da ya ɗauka sun tsira.

Roba ta sauƙaƙa aikin a shekarun 1950. Kamfanoni irin su Faller na Jamus suka riƙa fitar da bango mai bulo a kumbure, sai dai roba ma tana ƙyalli, don haka dole mai gini ya tsarma fenti ya kwarara shi cikin tsagogi, ya goge sama, ya barbaɗa garin alli a madadin ƙura da tsatsa. Yanzu na'urar lesa ke yanka katako, wasu kuma su sauko da hoton bango na gaske daga intanet su buga a gida su manna a kwali.