Injin CNC na kan tebur: abin da ya kamata a sani kafin kafa sana'ar sassaƙa alminiyom

Idan wani ƙaramin ƙarfe ya karye a injin niƙa, ko famfon ban ruwa, ko keken ɗinki, hanya biyu ce aka saba bi a garuruwanmu: ko a jira makonni a kawo sabo daga waje, ko mai walda ya yi masa ɗori. Injin CNC na kan tebur hanya ce ta uku, domin yana sassaƙa irin wannan ƙarfen daga dunƙulen alminiyom, daidai da awon da aka ba shi. Amma sayen injin ba shi ne kafa sana'ar ba. Abin da mai wannan aiki yake sayarwa shi ne lokacinsa da daidaiton awonsa, kuma a nan ake cin riba ko a faɗi.

Mene ne injin CNC?

Haruffan CNC na nufin injin da kwamfuta ke tuƙawa da lambobi. Wanda ake magana a kai a nan shi ne na sassaƙa, wanda ake kira fraiseuse da Faransanci. Ana ɗaure ƙarfen a kan faranti, sai wata siririyar wuƙa mai juyawa ta riƙa cin sa kaɗan kaɗan. Motsin yana bin hanyoyi uku: X dama da hagu, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa.

Asalin fasahar daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons na jihar Mishigan ya yi amfani da katuna masu huda wajen lissafin siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu. A 1952 jami'ar MIT ta nuna injin sassaƙa da ke karanta umarni daga zaren takarda mai huda. Shekaru da dama manyan masana'antu kaɗai ke iya mallakar irinsa. Abin ya sauya da kwamfutoci suka yi araha, aka kuma samu manhajojin kyauta irin su LinuxCNC da GRBL, wadda ta fito a 2009 tana aiki a kan ɗan allon Arduino.

Yadda aikin yake tafiya

Matakai huɗu ne. Da farko a zana siffar abin a kwamfuta, da manhaja kamar FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Fusion 360 ta kamfanin Autodesk. Na biyu, a tsara hanyar da wuƙa za ta bi, da zurfin da za ta ci, da saurinta. Na uku, manhaja ta mai da wannan tsari umarnin da injin ke ganewa, wato G-code. A cikinsa G0 na nufin tafiya da sauri ba tare da yanka ba, G1 yanka a miƙe, G2 da G3 yanka a lanƙwashe, M3 kunna juyawar wuƙa, M5 kashe ta. G21 na sa injin ya yi awo da milimita, G20 kuma da inci, kuma rikita waɗannan biyun ya isa ya karya wuƙa. Mataki na huɗu shi ne ɗaure ƙarfen, a nuna wa injin inda sifili yake, a sa ido har ya gama, sannan a auna.

Injin ba ya tunani. Idan aka ba shi umarnin shiga cikin farantin da ke riƙe da aikin, zai shiga.

Ire-iren injin

Mafi araha shi ne ƙirar Sin da ake kira 3018, saboda filin aikinsa santimita 30 ne da 18. Yana da kyau wajen koyo da rubutu a kan katako ko roba, amma jikinsa ba shi da ƙarfin da zai ci alminiyom a matsayin sana'a. Sama da shi akwai 6040, mai fili santimita 60 da 40, wanda galibi ke zuwa da mota mai kilowat 1,5 ko 2,2 da ke juyawa har sau 24.000 a minti. Akwai kuma na Amurka, kamar Nomad na kamfanin Carbide 3D da PCNC 440 na kamfanin Tormach. Na ƙarshen ya fi nauyi da tsada, kuma ya fi kusa da injin masana'anta.

Abin dubawa na farko shi ne tauri da nauyin jikin injin, ba girman filinsa ba. Inji mara nauyi yana rawa idan wuƙa ta shiga ƙarfe, sai fuskar aikin ta fito da zane zane, awo ya kauce. Na biyu shi ne wuta: a Nijar volt 220 ne, alhali wasu injinan Amurka an yi su ne don volt 110 zuwa 120.

Alminiyom ba iri ɗaya ba ne

Ana son alminiyom saboda rashin nauyinsa da sauƙin yankansa. Dunƙule mai santimita 10 ta kowace fuska kilo 2,7 ne, alhali na baƙin ƙarfe ya kusa kilo 8. Ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma yana narkewa a digiri 660.

Wanda ake sassaƙawa gauraye ne, kuma kowane gauraye da lambarsa. 6061, mai maganiziyom da silikon, shi aka fi amfani da shi: yana yankuwa da kyau, yana kuma karɓar walda. 7075, mai zinki, ya fi ƙarfi da tsada, ana sa shi a jiragen sama, amma ba ya son walda. 2017A, mai jan ƙarfe, shi ne wanda waɗanda suka yi karatun sana'a da Faransanci suka sani da AU4G. Tsantsar alminiyom kuwa, irin 1050, yana da taushi da danƙo, yana liƙewa a bakin wuƙa.

Maƙeranmu masu zuba tukwane, irin na kasuwar Katako a Yamai, suna narka tsofaffin gwangwanaye da kayan mota. Wannan zubin ya wadatar ga tukunya, amma a ƙarƙashin wuƙa yakan nuna ƙananan ramukan iska da ƙwayoyi masu tauri da ke dakushe baki. Ana iya koyo da shi, ko a yi abin ado. Aikin da zai ɗauki nauyi ko ya riƙe ruwa mai ƙarfi yana buƙatar ƙarfen da aka san lambarsa. Ta wani gefen kuma maƙeran abokan ciniki ne, domin ɓarɓashin da injin ke zubarwa abin narkawa ne a wurinsu.

Sauri, zafi da ɓarɓashi

Babbar matsalar alminiyom ita ce zafi. Idan wuƙa tana juyawa da sauri amma tana tafiya a hankali, goga take yi ba yanka ba. Ƙarfen sai ya yi zafi, ya manne a bakinta, ta karye. Shi ya sa a kan ƙananan injina ake son wuƙa mai baki ɗaya ko biyu, wadda ke barin hanyar fitar ɓarɓashi, ana kuma hura iska da ɗan feshin mai a wurin yankan.

Lissafin saurin tafiya mai sauƙi ne: yawan juyawa a minti, sau yawan baki, sau kaurin abin da kowane baki zai ci. A ce wuƙa mai baki ɗaya tana juyawa sau 18.000, ana so ta ci milimita 0,05 a kowane juyi: za ta yi tafiyar milimita 900 a minti. Masu ƙera wuƙaƙe suna ba da jadawalin da ake farawa da shi, sauran kunne da ido ne.

Zafin gari ma yana da tasiri. Alminiyom yana miƙewa da kusan milimita 0,023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ƙarfe mai santimita 20 da aka auna da sanyin safiya zai ƙaru da kusan milimita 0,07 idan zafin shago ya hau da digiri 15. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, wannan ya isa ya sa ramin da aka yi wa boris ya yi masa yawa. A bar aiki ya huce kafin a auna.

Lissafin farashi

Kuskuren da ya fi kashe sabon shago shi ne yin farashi da nauyin ƙarfe da mintocin yanka kawai. A ce zane da shiri da ɗauri sun ci sa'o'i biyu, yanka kuma minti 10. Guda ɗaya ya ci minti 130 ke nan. Idan guda 20 aka yi oda, jimillar minti 320 ce, wato minti 16 kowane ɗaya. Saboda haka riba tana wurin aikin da ake maimaitawa, kuma wanda ya kawo guda ɗaya dole ya biya kuɗin shiri daban.

Cikin farashin sa'a guda ya kamata a sa kuɗin haya, wuta, wuƙaƙen da ke dakushewa, ƙarfen da ya lalace, haraji, da rabon kuɗin injin bisa shekarun da zai yi. A kuma tuna Nijar ba ta da teku: kuɗin sufuri da na duwan suna hawa kan injin da kowane dunƙulen ƙarfe, kuma wuƙar da ta karye ba a samun madadinta a bakin kasuwa. Mai wuƙa ɗaya tak, ranar da ta karye ya rufe shago.

Wane aiki ya dace?

Ƙananan abubuwa masu buƙatar awo daidai: maɗaurai na faifan sola, murafe da akwatunan kayan lantarki, faranti masu ramuka, allunan suna, tambarin buga fata, ƙananan mazubai na sabulu, da kayan gyaran injinan da aka daina kawo kayansu. Abin da almakashin ƙarfe da walda za su yi da araha, ba na wannan injin ba ne. Kayan birki da sitiyari, da duk abin da rai ya rataya a kansa, gara a bar wa masu kayan gwaji. Abin da ya yi kama da sashen makami kuwa, a mayar wa mai shi.

Mai son aiki da kamfanoni, asibitoci ko ƙungiyoyi yana buƙatar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, domin ba sa biya sai da takardar shaidar ciniki.

Wuta, ƙura da kariya

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ɓata ƙarfen da aka yi sa'a guda ana ci, domin injin kan manta inda yake. Ana buƙatar na'urar daidaita wuta, batirin da zai riƙe kwamfuta, da wayar ƙasa mai kyau. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man shafawa tana cinye layukan da injin ke gudu a kai, don haka a rufe shi, a riƙa goge shi kullum.

Tabarau na kariya wajibi ne. Ba a sa safar hannu ko riga mai faɗin hannu kusa da wuƙa mai juyawa, ba a share ɓarɓashi da yatsa, kuma ba a barin injin yana aiki babu kowa. Garin alminiyom mai laushi yana kama wuta, kada a bar shi ya taru.

Wanda ke tunanin shiga wannan sana'a zai iya farawa tun bai sayi komai ba: ya koyi zane a FreeCAD, ya sayi ma'aunin kauri, ya zaga garejoji da masu injin niƙa ya rubuta abubuwan da suka fi karye musu da abin da suke biya. Idan abu ɗaya ya maimaitu a wannan jerin sau da yawa, girmansa ne zai nuna injin da ya kamata a saya.