Daga Kwaɗo da Maigadi Zuwa Awon Hatsari: Waiwaye Kan Tsaron Rumbunan Gwamnati

A zamanin En'e, tsaron kayan hukuma bai wuce abin da ido ke gani ba. Baitulmali na hannun Ma'aji, ƙofa da ƙaton kwaɗo, ga ɗan doka da kulkinsa a bakin zaure. Dalar gyada ta Kano ma a fili take tsaye, an lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa. Ɓarawo ake tsoro, sai ƙwaro da damina, kuma duk daga waje suke zuwa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa kayan da aka kulle su ne za su zama masifar.

Farin 1973 ya nuna mana cewa ajiyar hatsi ta fi ƙarfin rumbun magidanci. A 1987 gwamnatin tarayya ta fara shirin rumbunan hatsi na ƙasa, aka kakkafa manyan rumbunan ƙarfe a garuruwa irin su Minna. Gini ya zama na zamani, amma gadin na jiya ne: shinge, fitila, sai maigadi da tocila.

Ikeja ce ta sauya lissafin. Ranar Lahadi, 27 ga Janairun 2002, gobara ta tashi a kasuwar barikin soja, ta ci har ta kai ma'ajiyar makamai. Bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa cikin unguwanni. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma da yawansu bam bai taɓa su ba. Gudun ceton rai suka yi da almuru, suka afka magudanar Oke-Afa da ciyawar ruwa ta rufe samanta, iyaye mata da goyonsu. Barikin da aka gina a gefen gari, Legas ta bunƙasa ta sa shi a tsakiya, alhali tsofaffin makamai na jibge a ciki. Katangar tana nan, masu gadin suna nan, ba wanda ya tsallako. Daga ranar ya zama dole mai duba tsaro ya tambayi abin da ke cikin sito, da shekarunsa, da tazarar da ke tsakaninsa da gidan farko, da hanyar da jama'a za su bi idan abu ya ɓaci.

A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin adana albarusai, waɗanda suka ɗora komai a kan auna hatsari tun kafin ya auku. Sai dai a shekarar ce kuma gwamnatin Gaddafi ta kife, aka bar ma'ajiyun Libiya a buɗe, makamai suka gangaro Sahel har suka hura wutar yaƙin Mali a 2012. Mu da ke arewacin Najeriya da Nijar ba sai an ba mu labarin inda sauran suka ƙare ba. Wace katanga ce za ta yi aiki bayan mai biyan masu gadi albashi ya gudu?

Shekarar 2020 ta zo da abu biyu. A watan Agusta, tan 2,750 na sinadarin takin zamani da aka yi watsi da shi shekara shida a tashar jirgin ruwan Beirut ya tarwatse, ya kashe mutum fiye da 200, ya kuma ragargaza rumbun alkamar Lebanon da ke daura da shi. A watan Oktoba kuwa, bayan zanga-zangar EndSARS, muka ga jama'a a Bukuru kusa da Jos sun hau rufin sito suna yaye kwano, suna jefo buhunan tallafin korona ƙasa. Babu kwaɗon da zai tare unguwa guda mai jin yunwa, musamman in ta yi imani cewa rabonta ne aka ɓoye. A ganina, jinkirin rabo shi ma giɓin tsaro ne, ko da takardun masu dubawa ba su cika lissafa shi ba.

Aiki da darasin dai bai kai saurin rubuta shi ba. A watan Yunin 2024 ma'ajiyar albarusai ta Goudji ta kama da wuta a cikin birnin N'Djamena, dab da filin jirgin sama, hukumomin Chadi suka ce mutum tara sun rasu.