Taron Karatu na Oksford da Yaƙinsu da Jaraba

A ƙarshen shekara ta 1729 waɗansu samari huɗu suka soma taruwa da maraice a wani ɗaki cikin jami'ar Oksford, a ƙasar Ingila. Su ne John Wesley, da ƙanensa Charles, da William Morgan, da Robert Kirkham. Sukan karanta Sabon Alkawari da harshen Helenanci, da littafin Thomas a Kempis a kan koyi da Almasihu. Sauran 'yan makaranta suka yi musu ba'a, suka sa musu suna "Ƙungiyar Tsarkaka".

Karatun ya nuna musu abin da ke cikin zuciyarsu, suka kuwa tsorata. Sai suka ɗaura ɗamarar yaƙi da jaraba. Suna azumi ran Laraba da ran Jumma'a, suna cin Jibin Ubangiji kowane mako. Kowa yana da tambayoyin da zai bincike kansa da su: ko ya yi girmankai, ko ya ɓata lokaci, ko ya yi addu'a da leɓe kaɗai. John yana rubuta abin da ya yi sa'a sa'a, da wani rubutu na asiri don kada kowa ya gane. Daga 1730, bisa shawarar Morgan, suka riƙa ziyartar 'yan kurkuku da marasa lafiya. Wannan kam aiki ne mai kyau, ba mai musu.

Amma akwai jarabar da ba su tsare ƙofarta ba, wato mutum ya dogara ga ƙoƙarin kansa. Morgan ya yi ciwo, hankalinsa ya rikice, ya rasu a 1732. Mutanen gari suka ce azumi ne ya kashe shi, har John ya rubuta wa mahaifinsa doguwar wasiƙa yana kāre kansu. George Whitefield, ɗan mai masauki, wanda ya shigo daga baya, shi ya fi kowa tsanantawa. A kwanakin azumi kafin Ista na 1735 ya hana kansa abinci sai busasshiyar gurasa da shayi ba sukari, yana fita addu'a cikin tsananin sanyi. Ya kwanta mako bakwai. A kan wannan gadon ciwo, sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare, ya yi kuka ga Allah don jinƙai, ya sami salamar da yunwa ba ta ba shi ba.

John kuwa ya daɗe bai koya ba. A 1735 ya tashi zuwa Jojiya ta Amurka don wa'azi. Can ya so wata budurwa, ya yi ta jinkiri har ta auri wani. Bayan haka ya hana ta Jibin Ubangiji, maganar ta kai gaban shari'a, ya bar ƙasar a Disamba 1737. Mutumin da ya ƙidaya kowace sa'a tasa bai iya sarrafa zuciyarsa ba.

Abin mamaki, a wani taron karatu kuma aka taimake shi. Ran 24 ga Mayu 1738 ya tafi wani ɗaki a titin Aldersgate cikin Landan, ba da son ransa ba. Wani yana karanta gabatarwar Martin Luther a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Nan ya gaskata Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa na kansa. Kada mai karatu ya zaci jaraba ta ƙare ke nan. Shi da kansa ya rubuta cewa a daren nan, da ya koma gida, ta sāke auka masa, amma ya yi kira ga Ubangiji ta gudu.

Ran 25 ga Disamba 1738 ya tsara dokokin ƙananan taro, maza dabam, mata dabam. Kowane mako a tambayi kowa zunubin da ya yi, da jarabar da ta same shi, da yadda aka kuɓutar da shi. Shugaban taron shi zai fara faɗin nasa.