Koyon Wasa Aska a Tarihin Wanzancin Dutsi

A Dutsi da garuruwan da ke maƙwabtaka da Daura, wanzanci sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da ɗaukar wa mahaifinsa zabira, sa'an nan a koya masa wasa aska a kan dutse da goga ta a jikin fata. Sai ya ƙware ake barinsa ya taɓa kan mutum, domin askar da ta dakushe ita ke jawo rauni. Rezar da Gillette ya yi wa rajista a Amurka a 1904 ta raunana wannan horo, ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986 kuwa ta sa jama'a gudun askar tarayya. Wajibinmu ne mu rubuta wannan ilmi tun tsofaffin wanzamai suna raye.