Abin Da Aka Ƙirga A Garki

Waɗanda muka yi sakandare a ƙauyukan arewacin Kano, irin su Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, mun san yadda darasin Darwin yake ƙarewa a ajin bayoloji. Malam yana ambaton sunan, sai a koma gardama kan biri da mutum har a buga ƙararrawa. Ba mu san cewa a gabas da mu, a gundumar Garki, an taɓa ƙirga abin da darasin yake magana a kai a jinin manoma irin iyayenmu ba.

Abin da Charles Darwin ya faɗa a littafinsa na 1859 ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ware zangarniyar gero mai ƙwari ya ajiye ta don iri. 'Ya'ya sukan bambanta da juna, suna gadon bambancin, kuma ba duka suke rayuwa har su haifi nasu ba. A gona manomi ne mai zaɓe; a wajen gona kuwa fari da yunwa da cuta ne suke tankaɗewa.

A 1954 wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna cewa yaran da suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya, wato masu AS, zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu kamun da yake yi wa masu AA. Wanda ya gada daga uwa da uba, wato SS, shi ne mai amosanin jini.

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati suka gudanar da babban bincike a Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Tambayarsu ita ce ko za a iya katse yaɗuwar maleriya a karkara. A daminar 1972 da ta 1973 aka bi ɗakuna ana feshin maganin sauro, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da rabon magani ga kowa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ɗauke ba, da aka daina kuma ta dawo. Wani dalili shi ne akwai sauron da yake cizo ya fita waje ya huta, bai taɓa bangon da aka fesa ba.

Cikin masu binciken akwai Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa suka gwada jinin jarirai da na manya, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai sabbin haihuwa, kimanin 24 cikin 100 AS ne. A cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, adadin ya kai 29. Masu SS kuwa wajen 2 cikin 100 ne a jarirai, amma a manya da ƙyar aka ga ko ɗaya.

Jinin mutum ba ya canzawa daga AA zuwa AS don ya girma. To daga ina ƙarin ya fito? Mu da sana'armu ta zama rubuta manhajar kwamfuta, in lissafi ya ƙi daidaita mukan nemi abin da ya fita. Cire masu SS kaɗai ba zai kai 24 ko da 25 ba. Sauran ƙarin yana nufin yaran AA sun fi na AS mutuwa kafin shekara biyar.

A juya lissafin kuma. In 29 cikin 100 na manya AS ne, to a aure 100 kimanin 8 za su haɗa AS da AS. A irin wannan auren, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kashi ɗaya cikin huɗu na 8 shi ne 2, daidai abin da aka samu a jarirai. Amosanin jini yana rage wannan gado ta gefe guda, sauro yana ƙara shi ta ɗaya gefen, shi ya sa ya zauna a cikinmu tun kaka da kakanni. Waɗannan alƙaluma yara ne da aka raɗa wa suna, iyayensu mata suka goya, aka binne su a bayan gari.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini na sikila. Yanzu takardar asibiti tana iya tsayar da maganar da aka riga aka kai goro a kanta, wani lokacin a riƙa kallon yarinya mai AS kamar mai aibi. Sakamakon Garki ya nuna akasin haka. Kusan mutum uku cikin goma na manyan ƙauyukan nan suna ɗauke da shi, kuma shi ya tsallakar da da yawa daga kakanninsu daminar da ta ɗauke 'yan'uwansu. Haɗarin yana cikin haɗuwar biyu ne kawai, kuma gwaji yana nuna shi tun kafin a sa rana.

Malamin da zai koyar da wannan babi a bana yana iya rubuta 24 da 29 a allo, ya tambayi ɗalibai ina bambancin ya fito. A aji mai ɗalibai arba'in, akwai yiwuwar goma daga cikinsu suna ɗauke da amsar a jininsu.