Garun Gidajen Gona na Sarakuna

Sarakunan dā ba cikin birni kaɗai su kan yi gida ba. Su kan gina gidan gona a bayan gari, a kewaye shi da garu, a haƙa rijiya, a dasa itatuwa. Garun nan shi ke tsare shuka daga dabbobi, ya tsare iyali daga idon baƙo, ran da yaƙi ya taso kuwa ya zama mafaka.

A Kano ne abin ya fi shahara. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina Gidan Rumfa, cikinsa da sarari mai itatuwa da a ke kira Sheka. Sarki Ibrahim Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, a can ne Bature Clapperton ya gaishe shi cikin 1824. Haka kuma Nasarawa da Ɗorayi, dukansu gandayen sarki ne, bayi ne suka noma su.

Ginin duka na ƙasa ne. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a cura tubali, a jera, sa'an nan a yaɓe da makuba ko katsi. Ƙarfinsa kuwa yaɓe ne bayan kowace damina. Da aka bar aikin gayya, sai ruwa ya shiga cinsa, masu gini suna ɗibar ƙasarsa.

Cikin 1953 Gwamnati ta yi dokar tsare kayan tarihi. Cikin 1959 aka sa ganuwar Kano da Gidan Makama ƙarƙashinta, cikin 1964 aka ƙara da Surame, birnin Kanta. Amma doka ba ta yaɓe garu. Ganuwar Kano kanta ta zube a wurare da yawa.

Wannan ishara ce ga mutanen Zamfara. Gobirawa suka ci Birnin Zamfara wajen 1762, sarauta ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Duk wani guntun garu ko ganuwa da ya saura a ƙasar Sarkin Zamfaran Anka, ko ta Sarkin Mafaran Gummi, ko ta Sarkin Dankon Bukkuyum, shaida ce wadda ba ta da madadi. Wajibi ne hakimai da ma'aikata su auna shi, su rubuta labarinsa daga bakin dattawa, su hana ɗibar ƙasarsa. Abin da kakanni suka gina, Allah ya sa kada ya rushe a hannun jikoki, amin.