Samskara: Gurbin da Ke Saura a Zuci a Falsafar Yoga

Samskara kalma ce ta harshen Sanskirit, wadda masana falsafar yoga a Indiya ke nufin gurbin da kowane tunani, ji ko aiki yake bari a zuciyar mutum. Almajirin tsangaya a Gagarawa ya san misalinsa: ko an wanke allo, inuwar tawada takan saura a jikin itacen, sabon rubutu kuma a kanta yake hawa.

Babban tushen wannan bayani shi ne littafin Yoga Sutra na Patanjali, mai babi huɗu da gajerun jimloli 195 ko 196, gwargwadon bugu. Al-Biruni ya fassara shi zuwa Larabci a ƙarni na 11.

A wannan fahimta, abin zagaye yake yi. Abin da ya faru yakan bar gurbi, gurbin ya kwanta kamar iri a ƙasa, sai wani dalili ya tashe shi ya zama tunani, tunanin ya haifi aiki, aikin kuma ya ƙara zurfafa gurbin. A ɗauki falken da wani baƙo ya taɓa sayar masa da rago marar lafiya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Bayan shekaru yana iya mance fuskar mutumin, amma ya ci gaba da zargin duk wanda ya fito daga garinsu, yana kiran hakan sanin mutane. Masana yoga za su ce tsohon tabo ne ya rikiɗe ya zama ra'ayi, mai shi kuwa bai sani ba.

Patanjali ya lissafa cututtukan zuci biyar da ke ciyar da waɗannan gurabe: jahilci, jin kai, kwaɗayi, ƙiyayya da tsoron mutuwa. Jahilci ne gonar sauran.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne. Yoga ba ta kai nan ba, domin tana ganin dagewa kan horon zuci da rage kwaɗayi suna kafa sabon gurbi da ke danne tsoho, har ya zama kamar soyayyen iri da ba ya tsirowa.

Inda aka rabu sosai shi ne batun asali. Yoga tana cewa wasu gurabe daga rayuwar da ta gabata suke biyo mutum, aƙidar sake haihuwa ke nan, wadda Musulunci da Kiristanci ba su yarda da ita ba.